Sanarwar Bayan Taron Iyayen Masu Sikila da Ma'aikatan Ɗakunan Gwaji a Kwamba, Suleja

Ƙungiyarmu, wadda ta haɗa iyayen yara masu sikila da manyan da suka girma da ciwon da ma'aikatan lafiya mazauna Kwamba da kewayenta, ta yi zama na yini guda a Kwamba, cikin Ƙaramar Hukumar Suleja ta Jihar Neja. An buɗe da addu'a da hantsi, aka tashi gab da magariba. Ban da mambobi, masu gwajin jini daga asibitocin gwamnati da na kuɗi sun halarta, haka ma ungozomomi da malaman jinya da limamai da fastoci da wakilan masu unguwanni. 'Yan'uwa sun taso daga Madalla da Maje da Gauraka da Dikko. Abin da aka zauna a kansa shi ne sababbin hanyoyin gano cuta ta ƙwayoyin gado da sinadaran jini, waɗanda bincike a asibitoci ya haifar, da kuma rabon da talakan unguwa yake samu a cikinsu.

Taron ya tsaya a kan magana guda, sauran duka a jikinta suka rataya. Abin da yaranmu suka fi buƙata an riga an ƙirƙiro shi. An gwada shi da jinin 'ya'yan maƙwabtanmu a Gwagwalada da Kano da Kaduna, an kuma tabbatar yana aiki. Saura ya iso ɗakin riga-kafi na unguwa, inda uwa take kai jaririnta ko da ba wanda ya aika mata.

Masu gwajin jini ne suka fara magana, suka warware wa iyaye asalin ciwon. A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da rahoton ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi da ya kwanta a asibitinsu. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. A 1956 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya gano cewa gurbi ɗaya tak ne ya sauya a jerin sinadaran da suka haɗa shi, gurbi na shida. Wani malamin allo da ke cikinmu ya ce to ai wannan kamar ɗigo ne da ya kamata ya zauna a ƙasa ya hau sama, harafin 'ba' ya koma 'nun', kalma ta tashi daga ma'anarta. Masu gwaji suka ce haka abin yake. Wannan sauyi guda shi ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe ta sandare in iska ta yi ƙaranci, ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ƙashi. Sun ƙara da cewa fasahar PCR, wadda ake ninka ɗan guntun DNA da ita har ya isa a karanta, kuma wadda kowa ya ji sunanta lokacin korona, rahoton farko da aka buga a kanta a 1985 kan gano sikila ne. Ciwon 'ya'yanmu yana cikin waɗanda aka koyi wannan ilimi a kansu.

Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da aka daɗe ana aiki da shi ya ce ana haifar jarirai kusan 150,000 da ciwon a kowace shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da rabin gadon, wato AS. Nazarin da aka yi kan alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa kusan rabin yaran da aka haifa da ciwon ba sa kaiwa shekara 5. Akwai iyaye a zauren da suka binne biyu, wasu uku, kuma ba a gaya musu sunan abin da ya ɗauke na farkon ba sai da na biyu ya kwanta.

A nan taron ya daɗe kan aikin da aka yi a Gwagwalada. Cibiyar bincike da horarwa kan sikila ta Jami'ar Abuja, ƙarƙashin Farfesa Obiageli Nnodu, ta ɗauki wani ɗan tsinken gwaji mai suna HemoTypeSC ta kai shi ƙananan asibitoci biyar na Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, a ranakun da mata ke kai jarirai riga-kafi. Ɗigon jini kaɗan ake ɗiba daga diddigen jariri. Ba ya son wutar lantarki, ba ya son firji, kuma cikin kusan minti 10 layuka za su fito su nuna ko akwai himogulobin A ko S ko C. Tsakanin Yulin 2017 da Satumban 2019 an gwada jarirai 3,603. An samu 51 masu SS da 4 masu SC, wato masu ciwon, 740 masu AS, 34 masu AC. An buga sakamakon a 2020 a mujallar Lancet Haematology. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne waɗanda suka yi gwajin: malaman jinya ne da ma'aikatan lafiya na unguwa, irin waɗanda muke da su a Kwamba, bayan an horar da su. Ba a jira an gina sabon ɗakin gwaji ba, ba a kuma ce uwa ta yi wata tafiya ta daban ba. An same ta inda ta saba zuwa.

Daga Kwamba zuwa Gwagwalada tafiyar safe ce a dawo kafin azahar. Da yawa daga cikin mambobinmu can suke aiki ko suke kai marasa lafiya asibitin koyarwa. Garinmu, wanda a da ake kira Abuja, shi ne ya ba da sunansa da babban ɓangaren ƙasarsa a 1976 aka kafa Birnin Tarayya, shi ya koma Suleja. Ba mu faɗi haka don gori ba. Mun faɗa ne don a san cewa iyakar jiha ba dalili ba ce da za ta sa jaririn da aka haifa a wannan gefen Dutsen Zuma ya rasa abin da na wancan gefen ya samu.

Wata ungozoma ta tambayi amfanin gwada jariri lafiyayye mai ƙiba, wanda ba ya nuna komai. Tambayar ta yi daidai, domin ita ce iyaye ke yi. Amsar kuwa tun 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura da ita. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in himogulobin na cikin ciki, wanda ba ya barin ƙwayar jini ta lanƙwashe. A hankali yake raguwa, kuma wajen wata shida sai kariyar ta janye. Daga nan hannu da ƙafa su fara kumbura, saifa ta fara lalacewa, ƙwayar cutar da wani yaro zai ɗauka ya warke ta iya kashe mai sikila cikin yini guda. Waɗannan watanni na farko su ne damar da muke da ita. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba ƙananan yara masu sikila fenisilin kullum ya rage muguwar cutar jini da kashi 84 cikin 100, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa don kada a ci gaba da hana sauran yaran maganin. Fenisilin da folik asid da cikakken riga-kafi da gidan sauro da maganin kare zazzaɓin cizon sauro, sai koya wa uwa yadda za ta taɓa cikin ɗanta ta ji ko saifa ta kumbura, da sanin cewa zafin jiki a wurin mai sikila ba abin da ake jira gari ya waye ba ne. Babu mai tsada a cikinsu. Amma ba a yi wa yaron da ba a san yana da ciwon ba.

Saboda haka taron ya yanke shawarar roƙon Gwamnatin Jihar Neja, ta hannun hukumomin kula da lafiya a matakin farko, da Majalisar Ƙaramar Hukumar Suleja, su sa gwajin sikila na jarirai cikin aikin riga-kafi na yau da kullum, kyauta, su fara da ƙananan asibitocin Kwamba da kewaye. A rubuta sakamakon a katin riga-kafin yaro. Duk wanda tsinken ya nuna SS ko SC a sake tabbatar da shi da gwaji na biyu a babban ɗakin gwaji kafin a ɗora masa sunan ciwon, sa'annan a sa shi a rajista a ba uwarsa ranar dawowa. Gwajin da ba kulawa a bayansa tashin hankali kawai zai ƙara wa iyaye, kuma ba shi muke nema ba. Muna roƙon a nemi shawarar cibiyar Jami'ar Abuja wajen horar da ma'aikata, tun da sun bi hanyar sun san ramukanta.

Kano ma ta ba mu abin koyi iri biyu. Na farko wata 'yar na'ura ce da ake ɗauka a hannu, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, aka gwada ta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero, yanzu ana sayar da ita da sunan Gazelle. Tana aiki da batir, tana rarrabe nau'o'in himogulobin cikin 'yan mintoci, ta kuma nuna yawan kowanne. Na biyu ya fi taɓa zukatan iyaye. Kusan yaro 1 cikin 10 masu SS yana gamuwa da shanyewar ɓarin jiki kafin ya cika shekara 20, in ba a ɗauki mataki ba. Akwai awon da ake yi ta gefen kai da na'urar sauti, a ga gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma in gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin haɗari. A ƙasashe masu hali ƙarin jini ake yi masa kowane wata, abin da ya fi ƙarfin yawancinmu, ga kuma ƙarancin jinin kansa. Likitocin Kano, cikinsu akwai Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci da Binta Jibir, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada maganin haidiroksiyuriya a madadin ƙarin jinin. Binciken da aka buga a 2022 ya haɗa yara 220 a Kano da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin da matsakaici duka suna kare yaran, sai dai matsakaicin ya fi rage kwanciya asibiti. Ana kuma haɗa maganin a nan Najeriya. Taron ya nemi a samar da na'urar awon kai ko da guda ɗaya a Babban Asibitin Suleja da ma'aikacin da aka horar a kanta, a kuma sa haidiroksiyuriya da gwajin jinin da ke bin shansa cikin inshorar lafiya ta jiha. Muna gargaɗin iyaye kada su saya a kemis su fara bai wa yaro da kansu, domin maganin yana iya rage ƙwayoyin jini, sai da awon likita.

Maganar da ta fi zafi a zauren ita ce ta gwajin kafin aure. Iyaye fiye da ɗaya sun tashi da takardar da ta ce su AA ne, ga kuma ɗansu mai SS a gefe. Wata ta ce shekaru ta yi ana mata kallon zargi a gidan miji kafin a sake gwada shi a ga AS ne. Ba mu ambaci sunan wani ɗakin gwaji ba, ba kuma za mu ambata ba, amma masu sana'ar da kansu suka faɗi inda gizo ke saƙar. Yawancin ƙananan ɗakunan gwaji suna amfani da tsohuwar hanyar ja da lantarki a kan takarda, wadda ke buƙatar sinadari mai kyau da wuta tsayayya da jinin da aka riga aka san nau'insa a ɗora a gefe don kwatanci. In ɗaya ya ɓaci, layuka su cakuɗe, mai karatu ya yi hasashe. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani ne za a gani a haɗe da nasa. Akwai masu rikita rukunin jini na A da B da O da jinotaif, wato irin su AA da AS da SS, alhali ba abin da ya haɗa su. Akwai kuma, in za a faɗi gaskiya, wanda ke sayen takarda don kada aure ya fasa, da wanda ke sayar masa.

Taron ya yanke cewa duk mai shirin aure ya yi gwaji sau biyu a wurare biyu da hukumar kula da masu gwaje-gwajen lafiya ta ƙasa ta yi wa rajista, in sakamako ya saɓa a je inda ake da babbar na'ura a raba gardama. Ya kuma roƙi hukumar ta riƙa aika wa ɗakunan gwaji jinin da ta san amsarsa, ba tare da sanarwa ba, don a gane mai iyawa.

Lokacin gwajin ma abin dubawa ne. A yadda ake yi yanzu, sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, an raba goron gayyata, sa'annan liman ko coci su ce a kawo takarda. A wannan gaɓar wa zai iya janyewa? Mun ga dacewar a gwada yara tun suna makarantar sakandare ko islamiyya, da izinin iyayensu, kowa ya san nasa kafin zuciya ta kama wani. Iyayenmu masu unguwanni da malamanmu, ku ne kuke da bakin da za a ji: ku sa tambayar jinotaif ta zo tun ranar da manya suka fara zuwa neman izini.

An kawo misalin Jihar Kano, wadda a 2024 ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, har da jinotaif. A kan tilasta gwaji ba a samu saɓani ba. A kan hana auren AS da AS da ƙarfin doka kuwa taron bai haɗu a kan ra'ayi guda ba, kuma mun ga ya dace a rubuta hakan yadda ya faru. Wasu iyaye, musamman waɗanda suka yi rashi, sun ce da an hana su da sun gode. Wasu, cikinsu har da manyanmu masu SS da suka yi karatu suka yi aure suka haifi 'ya'ya, sun ce dokar hani za ta ƙara kasuwar takardun jabu, ta kuma sa a riƙa kallon mai AS kamar mai aibu, alhali mutum ne lafiyayye. Ɗaya daga cikinsu ta ce duk sanda aka ce da ba a haifi irinta ba, da ita ake. Zauren ya yi tsit. An bar maganar a buɗe zuwa zama na gaba, aka amince dai a kan abin da ba gardama a cikinsa: a gaya wa masoya lissafin daidai. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwon sauran ukun sun tsira ba, kamar yadda ake yawan faɗa a gari. Auren AS da AC ma yana iya kawo SC, wanda shi ma sikila ne. Kuma yaro ba ya samun ciwon daga uwa kaɗai. Duk mijin da ya saki mace ko ya wulaƙanta ta don ta haifi mai sikila, ya sani rabin gadon daga jikinsa ya fito.

An taɓo gwajin ɗan tayi, wanda ake ɗibar ɗan abu daga mabiyiya a farkon watannin ciki a karanta DNA. Tun 1978 Yuet Wai Kan da Andrée Dozy suka buɗe wannan hanya a Kalifoniya, kuma Gidauniyar Sikila ta Najeriya tana yin sa a cibiyarta ta Idi-Araba a Legas. Abin da zai biyo bayan sakamakon magana ce ta addini da doka da lamirin ma'aurata. Ƙungiya ba ta ba da fatawa. Ta nemi malamai da fastoci su zauna da likitoci su fahimci gwajin kafin su amsa wa mabiyansu.

Daga nan aka shiga batun wa ke cin moriyar ƙirƙira, kuma misalin yana kusa da mu. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu, Abuja, a zamanin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya daga hannun Rabaran Paul Ogunyale, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da itacen da Yarabawa ke kira osun. Ta tace shi, ta gwada, ta fitar da Niprisan. Takardar haƙƙin mallaka da aka samu a Amurka a 1998 tana ɗauke da sunan mai maganin gargajiyar tare da na masana, kuma wannan abin yabo ne da ba kasafai ake yi ba. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi, a 2006 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da maganin a Sheda da sunan Nicosan. A 2008 uwar kamfanin ta karye, maganin ya ɓace daga kasuwa, waɗanda suka saba da shi suka yi ta nema. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker. Binciken farko ya nuna yana rage yawan tashin ciwo, amma bai kai girman binciken da aka yi wa haidiroksiyuriya ba, don haka muna kira a yi masa babban gwaji a asibitocin koyarwa, kada kuma kowa ya ajiye maganin likita saboda shi. Abin da muke nema daga gwamnati shi ne, duk ƙirƙirar da aka yi da kuɗin jama'a da jinin marasa lafiya, a rubuta cikin lasisinta farashin da talaka zai iya, da sharaɗin ƙwace lasisin nan take in kamfani ya daina samarwa.

Matasanmu sun yi ta tambaya kan maganin gyaran ƙwayoyin gado da suke gani a waya. Gaskiya ne, akwai shi. Masu bincike a Asibitin Yara na Boston, Vijay Sankaran da Stuart Orkin, sun nuna a 2008 cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke kashe himogulobin ɗin cikin ciki bayan haihuwa. Maganin Casgevy yana amfani da fasahar CRISPR ya raunana ta a ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, kariyar jarirantaka ta dawo. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamban shekarar. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, ban da makonnin kwanciya da maganin ƙone ɓargo mai ƙarfi wanda kan iya hana haihuwa. Dashen ɓargo daga ɗan'uwa ya fi kusa da mu: an fara yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin a 2011 ƙarƙashin Farfesa Nosakhare Bazuaye, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ma ya fara a 2024. Shi ma yana da tsada da haɗari, kuma sai an dace da wanda ɓargonsa ya yi daidai. Mun yi murna da wannan ci gaba da zuciya ɗaya. Amma muna jan kunnen iyaye: duk wanda ya ce yana da ruwa ko gari ko allura da ke mai da SS ya koma AA, ƙarya yake yi. Kada a sayar da fili ko keken ɗinki a kai masa.

Mambobi sun amince su ba masu bincike haɗin kai, domin ba don iyayen Gwagwalada da Kano sun miƙa 'ya'yansu ba, da ba mu da abin da muke roƙo yau. Sai dai ba mu manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da aka gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, kuma sai da aka nemi iyalai su yi gwajin DNA kafin a biya su diyya. Mun kuma ga kamfanin 54gene, wanda aka kafa a 2019 ya tara samfurin jinin 'yan Najeriya masu yawa ta hanyar asibitoci, ya tsaya da aiki a 2023. Duk wanda ya ba da jini yana da haƙƙin sanin inda jininsa ya kwana in irin haka ta faru. Don haka taron ya gindaya sharuɗɗa ga duk mai son ɗibar jinin mambobinmu don bincike. Ya nuna takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. A karanta wa mutum bayanin da harshen da yake ji, Hausa ko Gbagyi ko wanda ya zaɓa, a ba shi kwafi ya tafi da shi gida ya yi shawara. A faɗa masa ko za a fitar da jinin waje, da shekarun da za a ajiye shi, da yadda zai janye. Wanda ya ƙi kada a rage masa kulawa. A dawo masa da sakamakon da ya shafi lafiyarsa, in an gama kuma a zo Kwamba a gaya mana abin da aka gano. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan ƙwayoyin gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma za mu riƙe ta.

An ɗan taɓo wasu cututtuka a gurguje. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano tarin fuka daga kaki cikin kusan awa biyu, ta kuma nuna ko ƙwayar ta bijire wa babban maganinta. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, don haka mai tarin da ya kai mako biyu ya je. Masu gwaji sun ce abin da ke kayar da irin waɗannan na'urori shi ne wuta da zafi da yankewar kayan aiki, suka nemi a haɗa kowace na'ura da sola da kuɗin gyara tun ranar sayenta. An kuma yaba wa Asibitin Koyarwa na Irrua a Jihar Edo kan gwajin zazzaɓin Lassa, da cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede, wadda ta fara karanta jerin ƙwayoyin gadon cutar korona a Afirka a Maris na 2020.

Ƙungiya ta ɗora wa kanta nata aikin. Za ta buɗe rajistar mambobi masu sikila a Kwamba, da izininsu, sakatariya kaɗai ke riƙe da ita. Za ta haɗa jerin masu ba da jini na sa kai waɗanda aka tantance, don kada a riƙa yawon neman jini da tsakar dare. Mata biyu daga cikin iyaye za su riƙa zuwa ranar awon ciki da ranar riga-kafi su yi wa 'yan'uwansu mata bayani, in shugabannin asibitocin sun yarda. Za a rubuta wa shugabannin makarantu su bar ɗalibi mai sikila ya sha ruwa ya fita bayan gida duk sanda ya nema, a ɗauke masa bulala da aikin rana. An kafa kwamitin da zai kai wannan sanarwa fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, da ofishin Shugaban Ƙaramar Hukuma, da Ma'aikatar Lafiya a Minna, da 'yan majalisarmu na jiha, ya kuma kawo rahoton amsar da ya samu daga kowannensu.

Muna godiya ga masu gwajin jini da suka faɗi gaskiyar sana'arsu a gaban jama'a, da malamanmu da fastocinmu da suka zauna har aka tashi. Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya ba masu jinya lafiya. Zama na gaba zai kasance kafin 19 ga Yuni, Ranar Sikila ta Duniya, inda za a saurari rahoton kwamiti a kuma ci gaba da muhawarar dokar aure. Duk mai takardar jinotaif da yake shakka a kanta ya zo da ita, za a shirya masa sabon gwaji.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakatariyar Ƙungiya
A madadin dukkan mambobi, Kwamba, Suleja